Matakala Ɗari da Sittin

Ranar da na ba da sunana a ofishin unguwa
Fresia ta turo min takarda da biro:
"Me za ka koya wa yaron?"
Na daɗe ina juya biron.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga kwantena
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
ban taɓa ɗaga ɗan mutum ba.
Na rubuta: haƙuri.
Da matata na raye, da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ɗakin karatun na can ƙololuwar tudu,
matakala ɗari da sittin,
gwiwata ta hagu ce ta ƙirga su.
A can na same shi, Nahuel,
ɗan shekara sha biyu, hula har gira,
yana zanen kifi a gefen takalminsa.
Na yi gaisuwa, ya amsa wa bango.

Alhamis ta fari, shiru.
Ta biyu, shiru da tari.
Ta uku ya ce, "Nawa suke biyan ka?"
Na ce ko sisi.
Ya yi min kallon mai sayen kifi da yamma,
ya ce, "To, kai ma za ka daina zuwa."
Ban rantse ba. An sha yi masa rantsuwa,
na ga nauyinta a kafaɗunsa.

Ta huɗu na zo da rediyon matata,
wadda ta yi shiru wata biyu bayan tafiyarta.
Muka buɗe cikinta a kan tsohuwar jarida.
Yatsunsa sun fi idona gani.
Sai wani ɗan noti, bai fi ƙwayar shinkafa ba,
ya kuɓuce masa, ya gangara.
Kafin in buɗe baki
ya riga ya kare kansa da hannu biyu.

Ni ko yatsa ban ɗaga ba.
Na rasa inda zan sa idona.
Teku na can ƙasa tana wanke duwatsunta,
wani kare na haushi a rufin maƙwabta.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na ce, "Taya ni nema, na tsufa."
Muka yi ta rarrafe a ƙarƙashin tebur
har Fresia ta kashe fitila.
Ba mu same shi ba.

Daga ranar magana ta fara ɗiga
kamar rufin da ya soma yoyo:
lissafi ya ƙi shi,
ubansa na ramin ma'adinai a arewa,
yana kira ran da ya tuna.
Akwai wata Millaray mai zama gaban aji,
kada in gaya wa kowa.
Wani mako ya zo da kumburin faɗa a ido,
wani mako bai zo ba sam.
Na zauna ni da rediyo da shayin da ya huce,
ina koyon abin da na rubuta a takarda.

A Yuli, tsakiyar sanyi, gwiwar ta ci amanata.
Likita ya ce kwanciya, mako uku.
Na aika saƙo, ban san ko ya isa ba.
Alhamis ta same ni ina kallon silin,
maganarsa na yi min yawo a kunne.

Ƙarfe biyar aka buga ƙofa.
Ruwan sama na zuba daga hularsa,
rediyo a cikin rigarsa kamar jariri.
Bai gaishe ni ba.
Ya ajiye ta a kan gado, ya murɗa.
Ta yi tari, ta yi tsaki,
sai ga muryar mace tana faɗin yanayin teku.
Inda notin ya ɓata, ya ɗaure da zaren kamun kifi.

Ya ce, "Ɗari da sittin da uku ne.
Ba ka iya ƙirga ba."
Na ce ya ja kujera.
Ya ja, ya fito da littafin lissafi,
duk ya jiƙe, shafi ya manne da shafi.
Muka shiga raba su a hankali,
shi ta sama, ni ta ƙasa.